Gyartan da Ya Yi Jinya da Ido a Ɗaure

Kakana Manzo gyartai ne. Daga Filinge zuwa Bonkuku babu kasuwar da bai zauna ya ɗinke fasasshiyar ƙwarya ba, kuma matan Fulani sun ce ɗinkinsa ko nono ba ya bi. Magana kuwa sai an roƙe shi. Ni da na gaji surutun kakata Haske, har yau ina mamakin yadda suka zauna gida ɗaya.

Shi ne ɗan farin Kailu, manomin gero. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Kailu bai taɓa kiran sunan Manzo ba, ba su ci a ƙwarya ɗaya ba. In yana son magana da shi, sai ya dubi matarsa Mairama ya ce, "Ki ce ma wancan ya kai jaki rijiya," alhali wancan ɗin yana tsaye a gabansa da gemunsa.

A shekarun da anasara suka fara zama a Filinge, ciwon nan na tsofaffin maza ya kama Kailu, fitsari ya ɗaure masa. An sha sassaƙe, wanzami ya yi ƙaho, babu. Rana ta uku mara ta kumbura, dattijon da ba a taɓa jin nishinsa ba ya koma cizon tabarma. Aka dace wani lokotoron soja, wato likita, ya sauka a bariki yana wucewa. Manzo ya ɗora ubansa a bayan takarkari, ya kai shi.

Lokotoro ya tsaga ƙasan cibiya, ya sa bututun roba, abin da ya taru ya fita. Ta bakin tafinta ya ce wani ƙari ne ya toshe hanya. Ya ce kullum safe da yamma a wanke wurin da dafaffen ruwa, duk kwana uku a zare bututun a tafasa a mayar. In aka yi sake ruɓa ta shiga, mutuwa ce. Ya nemi wanda zai koya wa.

Nan aka tsaya cirko-cirko. Idon Mairama ya yi yana, hannunta na rawa. Ƙanen Manzo an ɗauke shi soja. Kailu kuma ba zai buɗe jikinsa ga maƙwabci ba. Manzo ya matso. Uban ya juya fuska ga bango ya ce, "Mairama, ki ce ma wancan gara in mutu da shi ga tsiraicina."

Kuma ba barazana yake yi ba, kowa ya san Kailu.

Manzo ya tashi ya fita. Ya roƙi tafinta a nuna masa aikin a kan gora. Ya huda gorar daidai faɗin raunin, ya karɓi wani bututu, ya zauna gindin gawo ya ɗaure idonsa da baƙin ƙyalle. Ya zare, ya mayar, ya zare, ya mayar, tun hantsi har la'asar, sojoji na wucewa suna dariya. Washegari ya yi a gaban lokotoro. Anasaran ya sa ya sake har sau uku, sannan ya cire hularsa ya sosa kai.

Da suka koma gida, Manzo ya tsaya a ƙofar ɗaki da ƙyallen a ido ya ce, "Inna, ki hwaɗa mishi makaho na ya zo. Makaho ba shi ganin komi."

Can Kailu ya ce, "Ki ce ma makahon shi shigo."

Wata bakwai aka yi haka. Haske na tafasa ruwa, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Mairama na zaune a tsakani tana kai saƙo tsakanin mutum biyu da gwiwarsu ke gogar juna. "Ki ce mishi ruwan ya cika zahi." "Ki ce mishi shi yi haƙuri, an kusa." Kasuwa uku ta mako Manzo ya bari, don kada magariba ta yi masa a hanya. Da yatsa yake gane kumburi, da hanci yake gane ko wurin ya fara sauyawa. Ko sau ɗaya bai ɗaga ƙyallen ba. Haske ta rantse mini da wannan, kuma ita ba ta iya rufa wa mijinta asiri ko a kan gishirin miya. Duk lokacin da na tuna, tsigar jikina tashi take.

Da damina ta faɗi, Kailu ya fara takawa zuwa gona da ƴar gorar tara fitsari rataye a ƙarƙashin riga. Bai yi noma ba, amma ya tsaya ya yi wa masu noma faɗa, abin da ya tabbatar wa kowa sauƙi ya samu.

Bayan girbi lokotoron ya sake biyowa. Bai zaci zai tarar da tsohon da rai ba. Ya duba raunin a ɗaki, ya ga babu ruɓa, ya fito da shi tsakar gida inda iyali suka taru. Ya buɗe littafinsa, tafinta ya ce, "Yana tambaya sunan wanda yay yi jinya, za shi rubutawa."

Mairama ta buɗe baki za ta amsa, kamar yadda ta saba shekara arba'in. Kailu ya ɗaga mata hannu. Ya juya ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da ba a taɓa gani ba.

"Manzo na," in ji shi. "Ɗana na hwari. A rubuta Manzo."

Haske ta ce kakana ya laluba aljihu ya ciro baƙin ƙyallen, ya rufe fuskarsa da shi, kafaɗunsa na rawa.