Gonar Baba Danladi

Shekaranjiya ina tsaye a bakin gini a Gidan Kwano, kusa da jami'a, magina na ɗora bulo, sai ga wani tsoho ya sauko daga acaɓa yana tambayar "Hajiyar ofishin filaye".

Rabona da wannan suna tun da na ajiye aikin ƙaramar hukuma na kama harkar gidaje, 'yan'uwa na cewa na yi wauta.

Ya ce, "'Yata, ba ki gane ni ba? Danladi ne, wanda aka so ƙwace wa gona. Kwana uku kina tonon fayil har kika nemo takardata. Na kawo miki doya, kika ce in mayar wa yara."

Na ce, "Baba, ai aikina ne."

"To, yanzu gari ya cim ma gonar. Masu kamfani sun yi ta zarya in sayar musu, na ƙi. Ke za ki gina mana ɗakunan ɗalibai, jikokina su amfana."

Sai da na shiga mota na share hawaye. Yau da safe aka fara awon gonar!

Ku fa, wane alheri ne ya taɓa biyo ku bayan kun manta da shi?