Jiƙon da na haɗa a unguwarmu ta Abu Hail

Assalamu alaikum 'yan uwa na zauren nan. Tun bayan ƙaramar salla ba ku ji ɗuriyata ba. Yau ne yatsuna suka daina rawa har na iya latsa haruffan nan da kaina. Da girmana na koyi rubutu, ku yi haƙuri da ni.

Ciwon gwiwa ne ya dame ni, ga tari da sanyin esi ya sa mana ni da 'yata Nana. Maigidana ya sayo min saiwar ciwon gaɓoɓi a shagon wani tsoho ɗan China kusa da kasuwar Naif, nan ƙasar Larabawa da muke zaune. Ni kuma na sayo na tari a wani shagon daban.

An ce masa a dafa saiwar sosai. Amma kicin ɗaya muke amfani da shi da mutanen gida uku, warinta kuwa har ƙofar lifta. Sai na yi yadda muke yi a gida: na zuba duka biyun a jug ɗaya, na jiƙa, suka kwana. Da hantsi na sha kofi guda. Sauran na sa a firji, dama na ce wa Nana in ta dawo makaranta ta sha.

Leɓena ne ya fara mutuwa. Sai harshe. Sai kamar tururuwa na bin fuskata.

Amai ya taso min da ƙarfin da ya buga goshina da bakin famfo, jini ya rufe min ido. Zuciyata ta dinga dukan haƙarƙarina, ta tsaya cak, ta sake fizga. Na faɗi a bayi ina shure-shure.

Baban Nana ya dawo cin abinci ya same ni a haka.

A asibiti sun keta min riga da almakashi. Suka cusa min roba ta hanci suna ɗura wani baƙin ruwa kamar gawayi. Na ji likita na ihu da Larabci, “Yalla, yalla!” wato maza-maza. Sai aka ɗora min ƙarafa biyu a ƙirji, wuta ta ɗaga ni sama ta maka ni da gado. Har yau tabon ƙunar na nan.

Da na farfaɗo, jug ɗin nan na fara tunawa.

Na fizge abin numfashin da ke fuskata. Suka mayar. Na sake fizgewa, na tsinke allurar hannuna, jini ya yi tsartuwa. Ma'aikata mata uku suka danne ni, na ciji ɗaya. Sun ɗauka haukan magani ne, suka ɗaure min hannuwa a jikin gado. Harshena ya yi nauyi, da ƙyar na ce, “Nana. Firji.”

Baban Nana ya fahimta. Ya kira maƙwabciyarmu Hajiya Hawa, 'yar Maraɗi. Ina jin muryarta ta waya: “Yarinya ta dawo daga lakwal, Alhaji, ga ta da kofi a hannu! Ke Nana, ajiye shi don ubanki!”

Kurɓa ɗaya ta yi ta tofar saboda ɗaci. Duk da haka leɓenta ya mutu. Aka kawo ta, ta kwana a ɗakin yara, washegari aka sallame ta. Ni na daɗe a ɗakin masu tsananin ciwo, wayoyin na'ura manne a ƙirjina, kullum ana ɗibar jini. Kuɗin asibitin ya cinye jarin kasuwancinmu na wata guda.

Baban Nana ya kwashi sauran magungunan ya je wurin tsohon, ya ci kwalarsa ya haɗa shi da kantar shagon, kwalabe suka farfashe. Da tsohon ya ga ragowar ƙunshi biyun, sai ya dafe kai. Ya ce a littattafansu na dā waɗannan biyun abokan gaba ne, ba a haɗa su a tukunya ɗaya har abada.

Mai shagon da na sayo na tarin, shi ma ɗan China, ya ce ba haka ba ne. Wai manyan masu maganinsu sun sha haɗa su da gangan, kuma har yanzu gardama suke a kai. Shi a ganinsa rashin dafawa ne ya bar dafin saiwar da ransa.

Na tambayi likitata wa ke da gaskiya. Ta ce, “Mama, su da kansu ba su daidaita ba. Ke dai khalas, shi ke nan, kar ki ƙara.”

Yanzu ina taka bene a hankali. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa Hajiya Hawa da Aljanna, da ma'aikaciyar da na ciza, wadda ta ci gaba da goge min baki da hannunta a naɗe.

Mata 'yan uwana, saiwar da ba a ƙasarmu ta tsiro ba, kada ku yi mata jiƙon gida. Kada ku haɗa maganin shago biyu. In an ce a dafa, a dafa, ko maƙwabta za su yi ƙorafi. In leɓe ya mutu bayan shan magani, a tafi asibiti nan take da ragowarsa.

Kuma kada a bar wa yaro a firji abin da babba bai ga ƙarshensa ba.