Irin Kindirmon Goggo Dije

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin akwai laifin da na yi mata wanda har ta koma ga Mahaliccinta ban nemi gafara ba. Bana dai na ce ko kunya za ta kashe ni sai na faɗa.

Goggo ba ta shigo Yerwa da dukiya ba. Fari ya cinye shanun gidanmu, ta baro ruga da ƙorai uku da ɗan ragowar kindirmo a ƙoƙo. Wannan ragowar ita take kira iri. Kullum sai ta tafasa madarar da ta sayo wajen matan Shuwa, ta bari ta huce har yatsa ya iya shiga, ta zuba ludayi ɗaya na irin jiya, ta rufe da faifai. Washegari sai ka tarar ya kama, ludayi na tsayawa a ciki. Da shi ta ciyar da mu. Takan ce daga hannun kakarta irin ya fito, bai taɓa yankewa ba.

Sai ga ni na shiga makarantar koyon awon jini. Wata uku kacal da fara leƙa madubin awo, na ga ƙwayoyin cuta da idona, na dawo gida ina ganin kowa ƙazami ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi! Ran nan ta tafi Kasuwar Litinin, na kwashe ƙoranta na dirje da sabulu da tafasasshen ruwa. Na shinshina ƙoƙon irin, na ji tsami, na tuttular a kwata. Har da zama jiran yabo.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana duban ƙoƙon, sannan ta ce, "Hammadu, abin da ke cikin nan mai rai ne fa. Ka kashe shi."

Na ce, "Goggo, ai ƙwayoyin cuta ne."

Ta ce, "To, su suka raine ka."

Kwana uku madara tana tsinke mata, tana wari. A na huɗu ta taka har unguwar Hausari wajen ƙawarta Ya Falmata, wadda Goggo ta taɓa ɗibar wa irin nan shekarun baya, ta karɓo ludayi guda. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma girman kai ya ɗaure mini baki.

Yau na haura shekara ashirin a ɗakin awo, kuma aikin da na yi taƙama da shi ya ƙaryata ni. Hanjinmu cike yake da ƙananan halittu masu taya mu narkar da abinci, suna tare wa mugayen hanya. Irinsu ne ke mayar da ganye taki a gona, su ke nuna daddawa, su ke tsamar da gasarar koko. Da Goggo za ta ga nonon roba a shaguna, an rubuta a jiki wai akwai halittu masu rai a ciki, na san za ta riƙe baki ta ce ashe sai an rubuta ɗan boko ke yarda.

Abin takaicin, irin ya sake mutuwa a hannunmu. Makon zaman makokinta babu wanda ya tuna da ƙoƙon.

Bana 'yata Maryam ta sha magani mai ƙarfi, ya share mata ciki, na kirki da na banza duka, zawo ya ƙi tsayawa. Likita ya ce a haɗa mata da kindirmo mai kyau. Na hau keke zuwa Hausari ina fargabar abin da zan tarar. Ya Falmata ta rasu, amma 'yarta Yagana na nan da sana'ar. Da na faɗi ko ni wane ne, ta cika mini kwano, ta ce, "Wannan ai naku ne, Malam. Kayan gidanku ne ya koma gida."

Maryam ta samu sauƙi. Na sa ɗigo ɗaya na kindirmon a madubin awo, na ga 'yan siraran halittu birjik. A matsayina na ma'aikacin awo ba zan rantse cewa jikokin na ruga ne ba, amma harshena bai yi gardama ba, har sai da na share ido.

Goggo ba ta bar mana gida ba, ba ta bar saniya ba. Abin da ta bar mana mun kashe shi, wanda ta bai wa ƙawa shi ya rayu. Goggo, ke ce da gaskiya, ni na yi wauta. Ki yafe mini. Allah ya kai haske kabarinki.