Faɗin Keken Baba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina dillancin gidaje kafin in nemi lasisi. Ba wanda ya koya mini sana'ar. Da sayar da tsofaffin ƙyamare na fara a Ƙofar Nassarawa, daga ƙyaure na koma hayar ɗaki, daga nan sai gida sukutum. Da masu saye suka fara tambayar takardata, sai na shiga ajin da wani lauya yake koyar da mu ran Asabar. Abu ɗaya ya rage a yi mini rajista: wasiƙar mai unguwarmu a Madabo, mai shaida cewa ban taɓa haɗa cinikin da ya zama rigima ba. Ya ce in dawo bayan sati biyu zai rubuta.

A cikin satin nan biyu na sayar wa wani Alhaji mai shagon atamfa wani gidan gado a unguwar tamu.

Ban yi sakaci da takardu ba. Magada bakwai ne, kowa ya sa hannu, har wadda take aure a Zariya sai da na bi ta. Na ga takardar rabon gado. Na duba inda kowane indararo yake zubar da ruwa, na tambayi maƙwabta wace katanga ce ta tarayya. Amma ranar da na shiga awo, matan gidan sun taru a kusurwar baya wajen madafa, sun rataya tabarma. Na yi abin da duk ɗan cikin birni zai yi: na yi sallama, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Na taka ɓangare uku, na huɗun na ƙiyasta shi daga nesa. Alhaji ma da ya zo dubawa, takalminsa ya kalla.

Washegarin tarewarsa, ina karyawa, ya kira ni a waya.

"Malam, akwai mutum a gidana."

"Ɓarawo?"

"Ɓarawo yana sallama? Ka zo yanzu."

Na same shi a tsakar gida da singileti da zane, kofin koko a hannu. Ya ce yana zaune sai wata ƙofa ta buɗe a bangon baya, wani dattijo ya fito yana tura keke, ya ce masa kada ya tashi, ya ratsa tsakar gidan, ya bi ta zaure ya fice. Bai gama ba ni labari ba sai ga wata mata ta shigo da kwano, ta gaishe mu, ta shige ƙofar. Ta fito da ƙosai yana tururi. Bayanta wasu biyu. Bayansu akuya, ita ko sallama ba ta yi ba.

Can sai ga dattijon ya dawo. Tsohon wanzami ne, zabirarsa ɗaure a bayan keke. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina za ka?"

"Gida mana, ɗana."

"Ai gidan Alhaji ne."

"Wannan nasa ne, Allah ya sa ya shiga a sa'a. Wancan nawa ne. Ta sama zan bi?"

Ashe gidajen biyu ɗaya ne a da. Kakan Baba da kakan magadan wa da ƙane ne, da aka raba musu sai na baya ya tashi ba ƙofar waje, gidajen mutane sun kewaye shi. Tun daga lokacin ta zauren nan suke bi, matarsa kuma tana suyar ƙosai. Na nemi babban magajin, na ce me ya hana ku faɗa mini? Ya kalle ni da mamaki, ya ce, "Wa bai sani ba?"

Alhaji ya ce a ranar zai sa magini ya toshe ƙofar da bulo. A nan karatun Asabar ya yi mini rana. Na ce masa gidan da ba shi da wata mafita yana da haƙƙin wucewa, kuma haƙƙin yana manne da gidan ne, ko an sayar yana nan. In ya toshe, kotu za ta iya sa shi ya rushe da kuɗinsa.

"To tun da ka san wannan duka, me ya hana ka ganin ƙofa?"

Muka ɗunguma wajen mai unguwa.

Ya saurari kowa, sannan ya juyo gare ni. "Kai ne mai neman wasiƙa ko?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"In rubuta cewa ka sayar da gida haɗe da wanzami?"

Fadawansa suka kwashe da dariya. Ya buɗe jaka ya mayar da bironsa ciki, ina kallo. Ya ce sai ranar da Alhaji da Baba suka zo masa suna murmushi zai fito da shi.

Kwana uku ina zagaya gidan, wannan karon ido buɗe. Daga ƙofar Baba zuwa lungu, ta gefen katangar gabas, ba ɗaki ko ɗaya, sai tarin itace. Na ce wa Alhaji ya yanka 'yar siririyar hanya ta nan, a ja bango, a fasa wa Baba ƙofarsa daban. Bulo da siminti daga la'adata. Ya yarda, amma ya ce ko taƙi ɗaya ba zai ƙara a kan abin da ya zama dole ba. Baba kuma ya ce shi bai san ƙafa kaza ba, abin da ya sani kekensa.

Haka aka yi awon. Baba ya riƙe keke yana turawa a hankali, ni ina binsa a durƙushe da gawayi ina ja layi, Alhaji yana biye yana cewa, "Baba, matse gwiwar hannunka, ba da ita muka yi ciniki ba." Baba ya ce zabira fa? Aka ƙara yatsa huɗu saboda zabira. Ya ce akuya fa, in ta yi ciki? Alhaji ya ce ta haihu a ciki.

Na kai wa lauyanmu maganar, ya rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, aka haɗa ta da takardar cinikin gidan. Da na ce faɗin hanyar keke ɗaya ne da yatsa huɗu, sai da ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya aiko aka auna da tef.

Ranar da aka gama, mai unguwa ya zo da kansa. Ya leƙa hanyar, ya dubi tumbina, ya ce dillali ya fara gwada hajarsa. Na shiga a karkace, na riƙe numfashi. A tsakiya babbar rigata ta kama, na tsaya cak, ba gaba ba baya. Baba ya ja ni ta gaba, Alhaji ya turo ni ta baya, suna dariya har da hawaye. Da na faɗo tsakar gidan Baba, siminti har a hula, sai na ji muryar mai unguwa daga lungu yana cewa a miƙo masa jakarsa.

Wata ɗaya bayan na karɓi lasisi, Alhaji ya sake kira. Hajiyarsa ta ce zagayawa ta lungu yana sa ƙosai ya huce, yana so a fasa 'yar taga a sabon bangon. Na ce sai an rubuta. Aka rubuta: faɗin kwano ɗaya.