Kaset ɗin Ɗantsoho a Bikin Barira

Ɗantsoho mai buga jan bulo ne a Aljirif, bakin kogin Nilu a Sudan, kuma duk unguwa an san yana son Barira mai shayi. Ita ma ta sani. Ranar da ya tura kawunsa neman aurenta, ta mayar da amsa cewa ita yaya ta ɗauke shi, amma bencin shayinta nasa ne kullum. Ya karɓi bencin.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ne Hadi direban lori, wanda ya taɓa aiki da Turawan jirgin ruwa a Bur Sudan, ya ba shi kaset na wani kiɗa wai shi hebi metal. Jita tana kururuwa, ganguna kamar ana sauke bulo, wani ƙato yana ihu iya maƙogwaronsa.

"Dukansa ake yi?" in ji Ɗantsoho.

"Ya zol, mutumina, mace ce ta ƙi shi."

"Mai waƙar da ke biye fa?"

"Shi ma."

Ɗantsoho ya jinjina kai. Ashe suna da yawa! Tun daga nan yana kwaɓa laka, su kuma suna yi masa kukan, shi ya huta. Har ƙiba ya yi.

Da aka zo auren Barira da Gwadabe, wani masunci na Jabal Awliya, Ɗantsoho ya ba matan rakiya aron rakodarsa, don a ga bai riƙe kowa a zuci ba. Kaset ɗin ne ya manta bai cire ba. Motar kai amarya na wuce unguwar Alsahafa wata ta kunna. Tsofaffi suka ɗauki salati, mai kaɗa dalluka ta saki gangarta, wata Gogo Indo kuwa ta ce kiɗan zar ne, wato borin can, aljanunta sun ji kira. Sai da aka tsaya neman turare.

Ɗantsoho ya shiga kewaye bishiyar da Barira ke sayar da shayi daga nesa, yana tsoron kada Barira ta ce da gangan ya yi, ta hana shi zama. Ranar da ta dawo sana'a ta ƙwala masa kira.

"Yaya, zo nan. Me ƙaton nan yake faɗa a bikina?"

Ya dubi yatsun ƙafarsa. "Addu'a ce. Allah ya ba da zaman lafiya."

"Da wannan ihun?"

"Ƙasarsu da nisa, dole su ɗaga murya."

Ta yi dariya har ta zubar da sukari.

"To, amin. Zauna, shayinka na hucewa. Amma in na haihu, kada malaman nan naka su zo suna."