Damata Mai Duba Yatsa

Kullum kafin a buɗe ƙofar banki, Damata Issahaku ta riga ta zauna bayan tagarta, ta jawo akwatin katunan masu ajiya. Kowane kati na ɗauke da sa hannun mai shi ko dangwalen yatsansa. Duk takardar cire kuɗi sai ta gwada ta da katin kafin sidi ɗaya, kuɗin Gana, ya fita. Haka ta yi a Salaga, haka a Yendi, haka a nan Bawku, shekara goma sha tara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Masu gadin bankin har yau suna ba da labarin wata ranar kasuwa a 1991. Wani mutum ya shigo yana haki, riƙe da littafin ajiyar Mma Asiatu, tsohuwa mai sayar da albasa, da takarda mai dangwale.

"Hajiya, ki taimaka. Ni ɗanta ne. Tana kwance a Binduri, sai an kai ta asibitin Bolga yau. Ta ce a cire duka."

Damata ta ɗauko katin, gabanta ya faɗi. A kan katin akwai farin layi da ya ratsa yatsan, tabon wuƙa. A takardar babu. To amma tawada takan cika, ta rufe tabo. In ta hana, tsohuwa ta mutu a hanya fa? In ta biya alhali ƙarya ce, gumin tsohuwa na shekara talatin ya tafi.

Manaja ya leƙo. "Madam, layi ya yi tsawo. Ki sallame shi."

"Ranka ya daɗe, ba ni minti goma."

"In uwata ta cika, ke kika kashe ta!" mutumin ya daka tsawa. Jama'a suka fara gunaguni.

Ta kulle tagar, ta fita ta baya, ta hau babur ɗin Fuseini direban banki, suka nufi kasuwa. Duk hanya tana addu'ar kada ta zama ta zalunci mai gaskiya. A layin 'yan albasa ta hango Mma Asiatu zaune daram tana ciniki.

"Mma, ina littafinki?"

Tsohuwa ta laluba jakarta, ta sake lalubawa, sai ta dafe ƙirji ta fara salati. Kafin su iso banki mutumin ya sulale.

Ke ce, Damata, mai tsoron amanar mutane fiye da tsoron manaja. An zage ki a gaban jama'a, kin shanye. Mu abokan aikinki mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku masu gadon kujerarta, an ce a Akra an fara cire kuɗi da katin roba. Ɓarawo ma zai koyi katin. Ranar da gabanku ya faɗi a kan wata takarda, ko da layi ya kai titi, ku tashi ku je ku duba.