Yakuwar Hansai a Tottenham

Hansai 'yar Yelwa ce, kuma tun tana ƙarama duk abin da ta binne a ƙasa sai ya tsiro. Da kuɗin mai suka buɗe, aka tura mijinta Maharazu aiki ofishin jakadanci a London. Ta biyo shi da ƙullin irin farar yakuwa, wanda mahaifiyarta ta ba ta kafin ta rasu.

Shekara bayan shekara tana shukawa a tagar gidansu na unguwar Tottenham, sanyi yana kashewa, har iri ya kusa ƙarewa. Ƙwaya ta ƙarshe ce ta dace da tsananin zafin da aka yi a London a 1976. Ta yi tsayi, ta fara fure. Hansai ko ganye ɗaya ba ta tsinka ba, iri take jira.

Ana nan sai Maharazu ya zo da baƙo, Farfesa Dekkinga, mutumin Holan. Tsoho ne dogo, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da ilimin tsirrai, ya kuma taɓa zama a Zariya. Hansai ta yi ta kallonsa, domin ba ta taɓa ganin namijin da ya bar tuwo yana hucewa ya durƙusa gaban tukunyar shuka ba. Ya ƙirga ganye, ya shinshina, ya tambayi sunan ƙauyensu.

"Kai, wannan kyakkyawa ce!" in ji shi, da Hausarsa mai tsami.

Baƙo ya yaba, ai magana ta ƙare. Ta ce, "Taka ce, Farfesa." Ta lallashi zuciyarta da cewa irinsu suna da ɗakin gilashi mai ɗumi, can yakuwar za ta yi 'ya'ya ya kawo mata.

Bayan wata guda ya dawo yana fara'a, da faffaɗar takarda a hannu. Ga yakuwar nan ya tumɓuke ta har saiwa, ya danne, ya busar, ya manna. A ƙasa ya rubuta sunan Hansai da kyau.

"Na yi pressing ɗinta da kaina," in ji shi. "Yanzu za ta yi ɗaruruwan shekaru."

Bawan Allah, iyakar girmamawar da ya sani ke nan. Hansai ta yi godiya yadda ya kamata, abin yana cin ranta. Ta shafa busasshen furen da yatsa, sannan ta tambaye shi a hankali, "In aka zuba mata ruwa fa?"